Buhun Bakin Ƙofa

Ranar kasuwar Dungas da ta wuce, ina tsakiyar suyar gyaɗa, sai ga ƴan mata uku, ƙawayen ɗiyata, sun shigo da sallama, kowace da salula a hannu. Suka ce sun buɗe gurup a salula, za su tara jari su fara sabulu da turaren wuta, suna so in sa musu albarka. Na tambaye su wa zai ba su kuɗin. Suka ce kowa ma, ai saƙon ya riga ya zagaya har Magarya: wanda ya zuba jikka goma, ƙarshen wata ya ɗauki sha biyu. Na ce, wa ya gaya muku sha biyun za ta fito? Babbarsu ta yi dariya ta ce, "Haba Inna Rakiya, in ba a faɗi lamba ba ai ba mai kawowa."

Na janye itace daga ƙarƙashin kasko, na ce su nemi tabarma. Abin da na gaya musu rannan shi nake rubutawa, don na lura ba su kaɗai ke ganin karɓar kuɗin mutane ya fi komai sauƙi a sana'a ba.

Ni man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli a nan Waca. Na yi kwaleji a Magarya, ban kai ga jarrabawar ƙarshe ba aka yi mini aure. Sana'ar a hannun Gwaggo Tasalla na koye ta, ƙanwar babana, Allah ya kai haske kabarinta. Mu biyu ta koya wa, ni da ɗiyarta Barira, taubashiyata kuma sa'ata. Ku riƙe sunan nan, don duk wanda taksi ya sauke a tashar Waca yau, kafin idonsa ya kai ga masallaci sai ya fara ganin shuɗiyar ƙofar Barira.

Suyar farko da Gwaggo ta bar mini ita a hannu, na ƙona ta. Ana zuba rairayi mai tsabta a kasko ya yi zafi, sannan a zuba gyaɗar da aka ɓare, a yi ta juyawa. Ba ido ke gane ta yi ba, hanci ne da kunne: akwai wani ƙamshi da ke tashi, da wata ƴar ƙara da take yi tana raguwa. In ta wuce nan, mai ya fito baƙi yana ɗaci. In ba ta kai ba, ka wuni kana juyi ba ta ba ka komai ba. Daga nan a murza ɓawon, a bakace a faifai, a kai inji a niƙo. Niƙaƙƙen nan shi ake zubawa a turmi, ana sa ruwan zafi kaɗan-kaɗan da ludayi, ana juyawa da taɓarya har mai ya taso ya kwanta a kai. Abin da ya rage a mulmula shi, a soya cikin mansa, ya zama ƙuli. Barira ta fi ni hannu, ban taɓa musun wannan ba. Tana juyi tana surutu, mai na tasowa kamar kiransa take yi. Ni sai na yi shiru na haɗa gumi kafin in ga ɗigo. Abin da na fi ta shi ne kalkil, wato lissafi, kuma ba wanda ke tsayawa kallon mai kalkil ya ce ma sha Allah.

Amma matsar mai rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne kaka. Lokacin da manoma suka tuge gyaɗa suka kawo kasuwa, tiya tana araha. In bazara ta yi, sai ka ji kuɗinta ka koma gida ka zauna. Wadda ba ta cika ɗakinta da buhuna a kaka ba, duk shekara ƴan sari take yi wa bauta. Kuma ba macen gida da ke da kuɗin cika ɗaki ita kaɗai. Dole sai da jarin wasu.

Ranar da na fara ganin yadda Gwaggo ke karɓar jari, wata mai fura ce, Uwale, ta zo da kuɗin ragon da ta sayar, ɗaure a bakin zane. Gwaggo ba ta ko dubi ƙullin ba. Ta kira maƙwabta biyu su zauna shaida, ta ja Uwale zuwa ƙofar ɗakin ajiya. A nan bakin ƙofa kullum akwai buhu guda da yake tsaye shi kaɗai. Duk shekara, in an gama sayayya, Gwaggo takan ware gyaɗar da ta fi lalacewa, wadda ruwa ya taɓa, wadda ƙwari suka huda, wadda ta yi fumfuna, ta tara ta nan.

"Sa hannu ki ɗauko," in ji Gwaggo. "Fasa. Tauna."

Uwale ta tauna, ta tofar, ta riƙe maƙogwaro. "Tasalla, kashe ni za ki yi? Kuɗi fa na kawo miki, ba faɗa ba."

"Da kuɗin wasu na saye ta bara, kuma da idona biyu na saye ta. In kika ajiye ƙullin nan, buhun cikin ɗaki naki ne, wannan ma naki ne. Ba ni da lambar da zan gaya miki. Daga kaka sai kaka. In Allah ya ba da riba, mu raba biyu, rabi na gumina, rabi naku masu jari. In ya hana, ke kin rasa kuɗi, ni na rasa shekara. Kin ji ɗacin?"

"Na ji."

"To yanzu kwance."

Haka take yi wa kowa, har matar liman. Malamin unguwarmu ya ce wannan shi ake kira ƙiradi a littafi, halal ne, amma wanda ya yanke wa kuɗi ribar da ba a riga an samu ba, ya taka ƙofar kuɗin ruwa. Akwai kuma abu guda da Gwaggo ba ta taɓa saɓawa ba: ba ta karɓar dala ɗaya daga gidan da, in an yi rasuwa a cikinsa, sai ta tambayi hanya kafin ta je gaisuwa. Takan ce wanda ba ka san ƙofarsa ba, ranar asara ba ka san inda za ka kai masa labari ba, sai dai shi ya zo, kuma ba zai zo shi kaɗai ba.

Da ta rasu, kasko ya zo hannuna, turmi ya tafi wurin Barira. Turmin ƙirya ne, ya sha mai har ya yi baƙi yana sheƙi, irin wanda ba a sassaƙa shi yanzu. Ai uwarta ce. Masu jari suka rabu, wasu nan, wasu can. Muka yi shekaru haka, hayaƙina na gaida hayaƙinta ta kan katanga. In mun haɗu a inji ta ce, "Baiwata, har yanzu kina ƙona gyaɗar mutane?" in ce, "Uwar ɗakinki dai, mara kunya."

Wata shekara ta je suna Damagaram, ta ga injin da ke matse mai da kansa, ka zuba gyaɗa ta sama, mai na fita ta nan, tunkuza ta can. Ko mayafi ba ta cire ba ta shigo mini.

"Taubashiya, tashi mu bar turmi. Mu haɗa, ke kalkil, ni aiki."

Na tambayi kuɗinsa. Da ta faɗa sai na ce ko an haɗa jarin gidajen da ke ba Gwaggo duka sau uku ba su kai ba.

"Waca kaɗai ce duniya? Akwai mutum a Dogo-Dogo da kuɗi a ƙarƙashin katifa, yana neman inda zai sa."

"Kin san ƙofarsa?"

"Shi zai san tawa."

Na ce ban shiga. Ni da bakina na faɗa, ba wanda ya hana ni. Wannan nakan tuna shi duk lokacin da na bi ta gaban shuɗiyar ƙofar.

Shelar da ta yi, da kunnena na ji ta. Ta ɗauki mai shela a kan moton kabu-kabu, babur ɗin haya, da amsa-kuwwa a hannu, ya zagaya kasuwar Dungas tun daga ƴan awaki har ƴan tiya. Aka kuma karanta a rediyo bayan gaishe-gaishe. Duk mai so ya kawo, kaɗan ko da yawa, kowane ƙarshen wata ya zo ya ɗauki ribarsa, an faɗi ko nawa ce. Ba buhu, ba taunawa. Ana ba ka ɗan resi, takardar shaidar biya, da kashe, wato hatimi, mai zanen gyaɗa a tsakiya. Mutane suka yi ta zuwa, wasu a moto, wasu a jaki, fuskokin da ban taɓa gani ba, suna tsayar da ni a hanya suna tambayar gidan Hajiya Barira. Lokacin ko Makka ba ta je ba. Ni nake nuna musu da hannu.

Inji ya zo a bayan mota, yara na bin sa da gudu. Aka shafa wa ƙofa fenti. Aka ɗora pano a kan rufi, fitila na ci tun kafin magariba. Hayaƙi ya daina tashi a gidanta. A wani biki ta miƙo mini goro, na ga hannunta ya yi laushi, lalle ya zauna a kansa ɗas. Na ɓoye nawa cikin mayafi, duk tabon kasko. Na ce Allah ya ƙara, kuma da gaske na faɗa, sai dai na daɗe ina juya goron ban ci ba.

Kafin kaka, lokacin da nake raba wa masu jarina abinsu su kuma su sake zubawa, sai na ga ana karɓa ana ɗaurewa a zane, ana yi mini godiya mai tsawo. Godiya in ta yi tsawo, mutum ba zai dawo ba. Har Sahiya, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

"Yaya, kar ki ji haushi. Can duk wata ake gani. Ke sai mutum ya manta ya ba ki."

"Sahiya, gyaɗa duk wata take haihuwa?"

"Ni dai ban sani ba. Matar Ila tela ta karɓa sau biyu, ta sayi katifa."

Tsofaffi uku kaɗai suka bar nasu, su ma ina jin nisan gidan Barira ne ya yi wa ƙafarsu yawa. Abin da suka bari ba ya cika kusurwar ɗaki. In ban samu wani mai ƙarfi kafin gyaɗa ta shigo kasuwa ba, kaskon Gwaggo kifewa zai yi, kuma kaskon da aka kife, masu sayen mai sukan koyi wata ƙofa.

Sai ga Metir Isufu ya aiko zai zo. Shi ya koya mini karatun boko a lakkol, yanzu ya ajiye alli, an biya shi kuɗinsa na ƙarshen aiki a dunƙule. Nasa kaɗai ya isa ya cika mini rabin ɗaki. Da hantsi maigidana, Malam Habu, ya dubi buhun bakin ƙofa ya ce, "Yau ɗaya dai, ko za ki matsar da shi bayan ɗaki?" Na je na kama kunnen buhun na ja. Ba zan ce muku tsoron Allah kaɗai ya tsayar da ni ba. Buhun ya yi nauyi, sallamar Metir kuma ta riga ni. Da na ji muryarsa sai kunya ta kama ni, na ɗebo a faifai na kai zaure.

Ya saurari maganar Gwaggo daga bakina har ƙarshe. Ya fasa, ya tauna, ya juya ya tofar a bayan ƙofa, ya goge baki da hankici.

"Rakiya, ɗiyata, ke ce kika yi lakkol. Waccan ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Amma ita ke ba da resi da kashe, ke kina ba tsoho ruɓaɓɓiyar gyaɗa."

"Metir, ita ce resina."

"To nawa zan samu?"

"Ban sani ba."

"Shekara nawa na yi ina hana ku ce mini ban sani ba?"

Ya yi dariya, ya sa hularsa. Da la'asar na hango kekensa jingine a shuɗiyar ƙofa.

Shekarar ita ce mummunar shekara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gyaɗa ke cika ƙwaya, sannan ya dawo bayan an tuge an shanya ta a gona. Wadda ta iso kasuwa ga tsada ga ɗaci. Na sayi ɗan abin da kuɗin tsofaffina ya iya, na ware mai kyau, mummunar ta cika buhun bakin ƙofa har na ɗinka masa baki da ƙyar. Kafin bazara ta yi nisa ɗakina ya koma fili. Na wanke kasko na kife shi a gindin bango, kaji suka riƙa hawa kansa. Na biya tsofaffin nan abin da ya rage, ƙasa da abin da suka ba ni. Ɗaya ta ce, "Ai mun tauna," ta ɗaure nata ta tafi.

Inji kuwa ba ya sanin shekara ta lalace. Abin da turmi ke ci a mako, shi kafin azahar ya cinye. Ya yi ta tsayuwa ba abin zubawa, amma ƙarshen wata ba ya tsayawa. Barira ba ɓarauniya ba ce, in wani ya gaya muku haka ku ce ni na ƙaryata. Na ga ƴan kunnenta sun ɓace, na ga moton mijinta ya tafi, na ga atamfofinta a hannun dillaliya. Tana sayar da na jikinta tana cika lambar da ta faɗa a kasuwa. Ranar da abin sayarwa ya ƙare, mutane suka taru a ƙofa, yawancinsu ba ta san sunansu ba sai ta duba resi. Wani ɗan kabu-kabu na Dogo-Dogo ya kai ƙara Magarya.

Ba jandarma kaɗai suka zo ba. Sun zo da wani ma'aikaci daga Yamai, na biron da ke sa ido a kan masu tara kuɗin jama'a. Aka kira taro a farfajiyar meri, ofishin magajin gari. Na raka Sahiya, don tun safe take kuka. Ban je don in yi dariya ba, Allah ya sani. Amma sabon mayafina na sa.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce da Barira, "Madam, in kika tara daga ƴan'uwa da maƙwabta kaɗan, waɗanda suka san ki suka san ɗakin ajiyarki, wannan tsakaninku ne. Ranar da kika ɗora mai shela a moto, kika kira wanda bai san ki ba, kin shiga wata ƙofa daban. Can sai da izinin hukuma. Sai kin bayyana a rubuce abin da kike da shi, da abin da ake bin ki, da yadda kuɗin mutum zai iya salwanta, a duba kafin ki karɓi dala. Don baƙo ba shi da abin dogara sai bakinki, bakin mai neman jari kuwa daɗi yake faɗa."

Barira ta ce, "Ranka ya daɗe, ban san akwai doka ba. Na ɗauka in na biya kuɗin shela shi ke nan."

Ya ce ya ga alama, shi ya sa ba a ɗaure ta ba. Ya hana ta karɓar sabon kuɗi. Ya ba ta lokaci ta tara kowa, ta gaya musu gaskiyar abin da ya rage. Mai son fita ya ɗauki rabonsa daga abin da ke akwai. Masu zama su zama ƴan ƙungiya, kwaparatif mai takarda, kowa da murya a taro, da ƴan sa ido daga cikinsu, ba shela, ba alkawarin lamba. Wata ta nuna ni ta ce ga wadda ba ta taɓa faɗin lamba ba. Na gyara zama. Ya dube ni ya ce, "Madalla. Amma ke ma, Madam, ranar da kika wuce gidajen da kika sani, ki fara zuwa wurinmu. In mutane sun yi yawa, baki da shaidu biyu ba su isa." Ya koma kan maganarsa. Ke nan duk abin da sabon mayafina ya samu.

Washegari da safe ina shara sai ga Barira, ba kwalli a idonta. Ta dubi kifaffen kasko, ta kau da kai.

"Mutanen gari na cewa ke kika kai ni ƙara."

"Kin yarda?"

"Ke? Ke da ko asibiti sai an raka ki." Ta zauna a bakin rijiya. "Baiwata, buhun na nan?"

Na ce wane buhu, alhali na sani.

"Na Innata. Ni ban da shi. Duk mummunar da na samu na haɗa ta cikin inji don kada a gani. Jibi zan tsaya gaban mutanen nan, kuma in na buɗe baki kalkil zan yi ta yi, ba mai ji na. Ara mini."

Na so in ce mata ta je ta tauna resinta. Maganar ta zo har bakina. Sai na ga hannunta a kan gwiwa, lallen ya goge, ya rame kamar na Gwaggo a ciwonta na ƙarshe. Muka kama buhun mu biyu, ita kunne ɗaya ni ɗaya, muka ɗora a amalanken jaki.

Ranar taron ta tsaya a gaban shuɗiyar ƙofa da faifai a hannu. Ta faɗi abin da ya rage da abin da ya tafi, wani ɗan ƙungiyar manoma na karanta takarda a bayanta. Sannan ta bi mutane ɗaya-ɗaya. "Fasa. Tauna. Injin can naka ne, wannan ma taka ce. Ba ni da lamba." Kalmomin uwarta ne, ba ta manta ko ɗaya ba, ashe duk shekarun nan ajiye su ta yi. Ɗan kabu-kabun ya ture faifan, ya ce a ba shi nasa, aka rubuta sunansa. Wasu suka zage ta. Amma mafi yawa suka tauna, suka ɓata fuska, suka zauna. Har da dariya aka yi, don ita ko ɗaci ta miƙa maka sai ta haɗa da zolaya.

Sahiya ta tauna ta zauna. A gidana ta sha taunawa, ta tashi ta bar ni. A ƙofar Barira ta tauna ta zauna. Gyaɗa ɗaya ce fa, daga buhuna, da zarena a bakinsa. Matan nan masu doguwar godiya, duka suka zauna. Ina tsaye a bayan taro riƙe da igiyar jaki.

Da faifai ya iso kan Metir Isufu, ya tauna a hankali, ya ɗaga kai yana neman wani a cikin jama'a. Ya ce, "Wannan na san ta." Ya sa aka rubuta shi cikin masu fita.

Gyaɗa ta fara shigowa kasuwa ban da ko tiya. Malam Habu har ya fara maganar ko in koma ɗinkin hula. Wata safiya sai ga sallamar Metir a zaure. Abin da ya samu bai kai rabin abin da ya kai can ba, ya ajiye shi a tabarma cikin ambulan. Na tashi na ɗebo a faifai, daga ɗan abin da na fara warewa na gonar Malam.

"Haba Rakiya! Sau biyu fa na ci."

"Ta bara kika ci, Metir," na ce, bakina ya kuskure don ɗoki, Malam Habu ya tuntsire da dariya. Na gyara: "Ta bara ka ci. Ta bana daban ce."

Ya girgiza kai, ya fasa, ya tauna, bai tofar ba. "Nawa zan samu?"

"Ban sani ba."

"Daidai," in ji shi, yadda yakan faɗa a aji.

Rannan na kori kaji, na tayar da kasko, na wanke shi da toka. Kusurwa ɗaya ta ɗaki na cika a shekarar, amma wuta ta ci, kuma har yau ba ta sake mutuwa ba.

Barira kuwa, kun dai gan ta. Takardar kwaparatif na rataye a bango cikin gilashi. Inji biyu ne yanzu. Ta je Makka, sunan ya zama na gaskiya. Kowace shekara ana taron ƴan ƙungiya, a karanta riba ko asara a gaban kowa, Sahiya ce ma shugabar ƴan sa ido, tana tafiya da jaka a hammata. Baƙi na zuwa daga Damagaram a farar mota su ga yadda ake yi. Abin da ya fi burge su shi ne wata kwalba a kan teburinta, cike da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, wadda duk sabon ɗan ƙungiya sai ya tauna kafin ya sa hannu a takarda. Na ji a rediyo ana cewa dabarar Hajiya shugaba ce. Na rage muryar rediyon na ci gaba da bakace.

Ƴan matan nan na ce su goge saƙon tun kafin wani baƙo ya turo musu kuɗi. Su je gidajen da suka san ƙofarsu, su tafi da sabulun da ya ƙi daskarewa, su ajiye shi a gaban mutum kafin su buɗe baki. In kuma sun ga gidajen sun yi musu kaɗan, su shiga taksi su je Magarya su tambaya a biro tukuna, tambaya ba ta kai kuɗin fenti ba. Ƙaramarsu ta ce, "Inna, to ke da Hajiya kuna magana?"

Me zai hana? Jiya ma ta aiko. Su yanzu zaɓaɓɓiyar gyaɗa suke saye, an tace an auna, ba sa samun mummuna ko ta magani. Saboda haka duk kaka sai Sahiya ta zo da tiya a hannu, ta ce, "Yaya, Hajiya ta ce a gaida baiwarta, a kuma cika kwalba." A duk Waca wannan ne kaɗai abin da nake da shi wanda Barira ba ta da shi.

Ba na ɗiba da ka. Nakan shimfiɗa tabarma in zazzage buhun, in zauna in tsince mata ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe, masu huda, waɗanda na san in mutum ya tauna sai ya wuni yana kurkure baki. Sahiya takan ce, "Yaya, wannan ai ta yi yawa." In ce mata amanar jama'a ce, gara su ji da kyau. Kuma haka ne. Sauran abin da ke cikin raina, Allah ya sani, ina kuwa roƙonsa gafara a kai.